DAGA LUNGUN SUWAIDI: Hamma 'Yar Aike Ce, A Tambaye Ta Wa Ya Aiko Ta

  Yau maganar hamma za mu yi. 'Yan Yola ku kwantar da hankalinku, ba Hamma yayanku nake nufi ba, wadda ake wage baki nake nufi. Kuma tun yanzu ina faɗa muku, kafin ku kai ƙarshen rubutun nan da yawanku sai kun yi ta. Kada ku ce ni na gundure ku. Haka halinta yake, ko labarinta mutum ya karanta sai ta kama shi.

Na san wani zai ce, ya akhi, duk matsalolin da ke gabanmu, ga iƙama ga karatu ga neman aiki, sai hamma? Ni ma da haka zan ce, har zuwa daren da ta kusa aika mu lahira mu biyar.

A HANYAR MAKKA

A hutun bazarar da ya wuce muka tashi Umra da mota, ni da Umma da ƙannena biyu da Kawu, yayan Umma, shi ke tuƙi. Daga Riyad zuwa Makka kilomita 850 ne da ɗoriya, don haka muka yi abin da kowa ke yi lokacin zafi, muka bari sai bayan Isha sannan muka bar Suwaidi. Tun ba mu kai Muzahimiyya ba na lura Kawu na ta hamma. Ba irin ta mutum ɗaya ya yi ya wuce ba. Ya yi, ya goge hawaye, ya kurɓi gahawa, bayan minti biyu ya sake. Na ce, "Kawu, ko in karɓe ka?" Ya ce, "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake bin hanyar nan."

Mun wuce Ƙuwai'iyya da kaɗan, kowa ya yi shiru, sai na ji tayoyi sun hau 'yan tudun-tudun nan da ake yi a gefen kwalta don su farkar da direba. Motar ta ɗauki ƙugi, Umma ta ƙwalla salati, "Innalillahi! Yaya!" Ya fizgo sitiyari ya dawo kan hanya. Na dube shi ta gefe, wallahi idonsa a rufe yake kafin ihun. Amma da ya buɗe baki cewa ya yi wani abu ya gani a titi ya kauce masa. Kuma na yarda ba ƙarya yake yi ba, shi kansa bai san ya tafi ba. A gidan mai na gaba Umma ta ce ko dai ya sauka ko ita ta sauka. Ya shiga masallaci ya yi barcin awa ɗaya, ni na ja mu har Miƙati.

Ku yi lissafin da kanku. Mota mai gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a daƙiƙa guda. Gyangyaɗin daƙiƙa 3 ya isa ta shafe mita 100, tsawon filin ƙwallo ke nan, babu kowa a kan sitiyari.

Da muka dawo gida aka zauna shari'a. Umma ta yanke hukunci tun kafin a saurari shaidu: baki ne. Motar sabuwa ce, mutane sun yi ta magana a kanta, kuma ga hujja, duk lokacin da aka kunna karatun ruƙya sai Kawu ya kama hamma. Duk wanda ya tashi a Saudiyya ya san wannan magana, Larabawa ma haka suke cewa, wai yawan hamma lokacin karatu alamar ido ce. Aka kawo ruwan tofi, aka kawo Zamzam da man habbatus sauda. Kawu ya sha ya shafa. Hamma ta ci gaba da harkarta.

Wadda ke riƙe da amsar tana zaune a gefe ba ta ce uffan ba, wato matar Kawu. Sai bayan kwanaki, a kicin, ta faɗa wa Umma a hankali cewa shekara da shekaru minsharinsa kamar injin markaɗe yake, kuma yana cikin yi sai ya ɗauke wuta ɗif, numfashi ya tsaya, har ta kan tashi ta taɓa shi, sannan ya fizgo iska kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Umma ta ce, "Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?" Ta ce, "Yaya zan tona asirin barcin mijina?" Zan dawo kan Kawu. Bari mu fara sanin ita kanta hammar.

MENE NE HAMMA?

Abin mamaki, har yau masana ba su gama yarda a kan amfaninta ba. Abin da aka tabbatar shi ne kusan duk dabba mai ƙashin baya na yin ta, daga kifi har zaki, jariri ma yana yi tun yana ciki, wajen ƙarshen wata na uku. Guda ɗaya takan ɗauki kamar daƙiƙa 6, kuma ta fi zuwa a gaɓa biyu, bayan tashi daga barci da kuma dab da kwanciya.

A makaranta an koya mana cewa iskar oksijin ce ta yi wa jiki kaɗan shi ya sa ake hamma. To, wani masani a Amurka, Robert Provine, ya gwada wannan magana a 1987. Ya shaƙa wa mutane oksijin zalla, ya kuma shaƙa musu iska mai yawan kabon, hammarsu ba ta ragu ba, ba ta ƙaru ba. Ke nan abin da malamin kimiyya ya sa muka haddace bai tsaya da ƙafarsa ba.

A 2007 Andrew Gallup da Gordon Gallup suka kawo wani bayani, cewa hamma fanka ce ta ƙwaƙwalwa: wage muƙamuƙi na ƙara gudun jini zuwa kai, iskar da aka ja kuma tana sanyaya shi. A gwajinsu, waɗanda suka riƙa numfashi ta hanci ko suka ɗora abu mai sanyi a goshi, da wuya hammar wasu ta kama su. Ba kowane masani ya karɓi wannan ba, amma ku riƙe shi, zai yi mana amfani a gaba.

Sai batun yaɗuwa. Yara ba sa ɗaukar hammar wani sai sun kai shekara 4 zuwa 5. Wani bincike da Ivan Norscia da Elisabetta Palagi suka yi a Italiya a 2011 ya nuna mutum ya fi ɗaukar hammar ɗan uwansa na jini, sai ta aboki, ta baƙo ce a ƙarshe. A Landan ma a 2008 an nuna karnuka na ɗaukar ta mutane. Saboda haka in ka yi hamma a falo Umma ta amsa, zumunci ne.

Addini kuwa ya riga ya koya mana ladabinta. Hadisai a Buhari da Muslim sun danganta hamma da Shaiɗan, sun umarci mutum ya danne ta gwargwadon iko, ya kuma sa hannu ya rufe bakinsa. Malaman da suka yi sharhi sun bayyana cewa hakan na da alaƙa da abin da ke jawo ta, wato cika ciki da nauyin jiki da kasala. Ku lura, su ma tushen suka duba.

YAUSHE TA ZAMA MAI YAWA?

Lafiyayyen mutum kan yi 'yan kaɗan a yini, daga 5 zuwa 10, wani ya fi haka ba tare da wata matsala ba. Ma'aunin da likitoci suka fi ambata shi ne a yi fiye da sau 3 a cikin minti 15, a riƙa maimaita hakan, alhali ba lokacin barci ba ne kuma ba wani ne ya yi a gabanka ba. Idan ta kai haka, Bahaushe ya riga ya faɗa, jiki magayi. Hamma 'yar aike ce, kuma ba a dukan ɗan aike, tambayarsa ake yi wa ya aiko shi.

MAI AIKE NA FARKO: BASHIN BARCI

Bayan abin da ya faru da Kawu sai na ce bari in binciki kaina. Na ɗauki ɗan carbin nan na yatsa mai lamba, wanda Hajiya ke tasbihi da shi, Allah Ya yafe mini, na riƙa dannawa duk lokacin da na yi hamma. Ranar Lahadi, farkon mako, kafin La'asar na haura 30. A lacca ɗaya ta safe na yi 11. Ranar Asabar kuwa, da na yi barci har hantsi, ko 10 ban kai ba. Ba sai an kira boka ba.

Mu faɗi gaskiya, mu 'yan Riyad da dare muke rayuwa. Da rana zafi ya hana fita, har hukuma ta hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Sai bayan Isha gari ke buɗewa. Ka bi babban titin Suwaidi ƙarfe 12 na dare ka ga masu shawarma cike da mutane, yara ƙanana na guje-guje a lambun Suwaidi kamar da yamma. Tun farkon 2020 ma an ba shaguna damar buɗewa awa 24. Daren Alhamis a istiraha ake kwana. Wasan gasar zakarun Turai da hunturu ƙarfe 11 na dare yake farawa a agogonmu, a tashi wajen ƙarfe 1, sannan a buɗe musu.

Mu kuma 'ya'yan Hausawa muna da ƙarin kaya da maƙwabtanmu Larabawa ba su da shi: agogo biyu muke bi. Kano na bayanmu da awa 2. Lokacin da 'yan uwa a gida suka gama cin tuwo suka zauna hira ƙarfe 10, mu 12 ta buga. A lokacin ne wayar Umma ke fara ƙara, a lokacin ne zauren dangi na WhatsApp ke ɗaukar wuta, kuma ba ka isa ka ce wa Gwaggo barci kake ji ba, sai a ce zaman Saudiyya ya sa ka girman kai. Samarin da ke da wadda suke nema a gida kuwa, ban ce komai ba.

Sai Asuba. A watan Yuni a Riyad ana kiran Isha wajen 8:15, Asuba kuma 3:30 da 'yan mintuna. Ko da sallame Isha ka faɗa gado, awa 7 ɗin da ƙyar za ta cika. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce a 2015 baligi na bukatar aƙalla awa 7, daga baya kuma ta ce matashi ɗan sakandare na bukatar 8 zuwa 10. Ni kuwa ina kwanciya ƙarfe 2, in tashi sallah, in koma, in sake tashi 6:30 don in riga cunkoso. Duka-duka awa 4, ita ma a gutsure. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin barci ba ya karɓar haƙuri. A aji zai biyo ka, ko a sahun sallah, ko a kan sitiyari.

A Jami'ar Sarki Sa'ud akwai cibiyar cututtukan barci, kuma babban masanin da ya yi suna a can shi ne Farfesa Ahmed BaHammam. Ku dubi sunan da kyau, har da hamma a ciki. Ya yi shekaru yana nazarin barci a watan Ramadan, kuma abin da bincikensa ya nuna shi ne yawancin gyangyaɗin da muke ɗora wa azumi, juya dare ya koma rana ne ke kawo shi. Azumi na ɗaukar laifin da ba nasa ba.

Da me muke toshe ramin? Da gahawa da shayin karak da lemon gwangwani mai sa kuzari, wanda ko harajin kashi 100 da aka ɗora masa a 2017 bai hana mu sha ba. Matsalar ita ce sinadarin kafeyin yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Wani gwaji a Amurka a 2013 ya nuna shan mai yawa awa 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa 1. Ka sha don ka kori hammar yau, ya hana ka barcin da zai kori ta gobe.

MAI AIKE NA BIYU: YANKEWAR NUMFASHI A BARCI

Mu koma ga Kawu. Shi nasa ba irin nawa ba ne, yana kwanciya da wuri, ya yi awa 8 a gado, ya tashi da ciwon kai da busasshen baki kamar wanda ya kwana dako. Da ƙyar Umma ta lallaɓa shi ya je asibiti, aka kwantar da shi dare ɗaya da wayoyi a kai da ƙirji. Sakamako ya nuna numfashinsa na tsayawa ko ya ragu fiye da sau 30 a kowace awa.

Yadda abin yake shi ne, idan mutum ya yi barci naman maƙogwaro kan saki. Ga wasu sai ya rufe hanyar iska gaba ɗaya na daƙiƙa 10 ko fiye, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi don ya ja numfashi, ya koma bai ma san ya farka ba. Sau 5 zuwa 15 a awa ana kiransa mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 a duniya na da shi, yawancinsu kuma ba su sani ba. Ya fi kama maza, da masu ƙiba, da masu kaurin wuya, kuma yana tafiya da hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Yanzu ku tuna da iyayenmu maza a nan, kabsa da rana, tuwo da dare, daga mota sai kujera.

An ba Kawu na'urar da ake kira CPAP, wadda wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, ya bayyana a 1981. Takunkumi ne da ake sawa a hanci, injin na hura iska a hankali don hanya ta zauna a buɗe. Makon farko ya yi ta faɗa, wai an mayar da shi matuƙin jirgin yaƙi. Bayan wata guda shi da bakinsa ya ce wa Umma ya manta haka ake tashi da safe. Ruƙya kuwa har yanzu yana saurara, sai dai yanzu yana kai ƙarshen sura ido biyu.

Kada a fahimce ni a baibai. Ido gaskiya ne, ruƙya kuma sunna ce, ban ce kowa ya bari ba. Amma mutumin da jikinsa ke bin bashin barci, duk lokacin da ya zauna shiru ya natsu sai hamma ta zo, ko karatu aka kunna ko labaran ƙarfe 9. Annabin da ya koya mana ruƙya, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya umarce mu da neman magani. A yi tofi a kuma je asibiti, ba kishiyoyi ba ne.

SAURAN MASU AIKE

Akwai magunguna. Magungunan ciwon damuwa irin su Prozac da Zoloft da Cipralex an san suna sa wasu yawan hamma ko da ba sa jin barci. Na ambaci wannan da gangan, domin na san a cikinmu akwai masu sha a ɓoye, ba sa so a sani a gida. Ɗan uwa, 'yar uwa, idan hakan ta same ku kada ku yanke maganin da kanku, yankewa farat ɗaya na da nata haɗarin. Ku faɗa wa likita, yakan rage ko ya canza. Magungunan mura da na ƙaiƙayi masu sa barci su ma suna kawo ta.

Akwai kuma wadda ba a so a faɗa. Wanda jikinsa ya saba da taramol ko kodin, idan ya rasa, daga cikin alamun farko akwai hamma ba ƙaƙƙautawa, da hawaye, da yoyon hanci, da ciwon gaɓoɓi. Idan ka ga haka ga abokinka, taimako yake bukata, ba gori ba.

Masu ciwon kan ɓari ɗaya, wanda Larabawa ke kira shaƙiƙa, da yawansu kan yi ta hamma awanni kafin ciwon ya sauka, har wasu sun mayar da ita ƙararrawar gargaɗi. Fargaba ma na kawo ta, shi ya sa za ka ga ɗalibi na hamma a ƙofar ɗakin jarrabawa alhali zuciyarsa na dukan uku-uku. Haka wanda suga ya yi wa ƙasa, ko wanda ke dab da suma.

A can ƙarshe, kuma ba kasafai ba, takan zo da manyan abubuwa: shanyewar ɓarin jiki, farfaɗiya, ƙari a ƙwaƙwalwa, ko bugun zuciya. Kada wannan ya hana kowa barci, don su ba sa zuwa da hamma ita kaɗai. Amma idan yawan hamma ya zo farat ɗaya tare da ciwon ƙirji, ko gumi mai sanyi, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar harshe, ba lokacin jiƙa habbatus sauda ba ne. A nan Riyad a kira 997 ko 911 nan take.

TO, MENE NE ABIN YI?

Na farko, ka ƙirga. Mako guda ka rubuta lokacin kwanciya da na tashi, da abin da ka sha, da lokacin da hamma ta fi damunka. Yawancinmu a nan za mu kama ɓarawon da hannunmu.

Na biyu, ka tsayar da lokacin kwanciya, ka riƙa jawo shi baya da minti 20 ko 30 duk bayan 'yan kwanaki. Hadisi ya nuna Annabi ba ya son hira bayan Isha, mu kuwa mun mayar da ita babbar sana'a. Ni na roƙi Gwaggo mu mayar da gaisuwarmu ranar Juma'a da yamma. Ta yi mita kwana biyu, ta haƙura. Waya kuma a falo take kwana yanzu.

Na uku, gahawa da shayi mai ƙarfi su tsaya daga La'asar. Na san wannan da wuya a gidan da fulas ba ya hucewa, amma a gwada na mako biyu a gani.

Na huɗu, ƙailula. Kakanninmu a Kano da Katsina sun san ta, Larabawa ma sun san ta. Minti 20 zuwa 30 bayan Azahar ya isa. Idan ta zarce ta koma barcin La'asar zuwa Magariba, ta ci na dare ke nan.

Na biyar, don ta gaggawa a aji ko a sahu: ka rufe baki ka ja dogon numfashi ta hanci, ka kurɓi ruwan sanyi idan da hali, ko ka wanke fuska. Sabunta alwala ma ya wadatar. Wannan ya dace da bayanin sanyaya ƙwaƙwalwa da na ce ku riƙe. Sai dai ka sani korar 'yar aike kawai ka yi, mai aiken na nan.

Na shida, kuma shi ya fi duka, tuƙi. Idan hamma ta fara jeruwa, ido na nauyi, ko ka kasa tuna kilomitocin da ka wuce, ka tsaya. Masu bincike a Jami'ar Loughborough ta Ingila sun gwada buɗe taga da ƙure rediyo, suka ga amfaninsu na ɗan lokaci ne ƙalilan. Abin da ya fi aiki shi ne a tsaya, a sha gahawa, a runtsa na minti 15. An kuma nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, kuzarin hankalinsa kan ragu kamar na wanda ya kurɓi giya. Mu da ba ma sha, kullum muna hawa titi a wannan hali muna ganin ba komai.

Na bakwai, ka saurari barcin mutanen gidanku. Idan Baba ko Kawu na minshari mai yankewa, yana gyangyaɗi a zaune, ga hawan jini, kada kunya ta sa a yi shiru. Mu yara ba ma iya faɗa wa babba kai tsaye, gaskiya ne, amma kowane gida akwai wadda yake jin maganarta, a bi ta wajenta. Wanda kuma ya gyara barcinsa na mako 3 ko 4 bai ga canji ba, ya ga likita. Layin Ma'aikatar Lafiya na 937 na ba da shawara dare da rana.

Ni dai carbin Hajiya ya koma aikinsa na asali. Ban zama waliyyin barci ba, ranar wasan ƙarshe har yanzu ina karya doka, amma ranar Lahadin da ta wuce na zauna laccar safe tun daga farko har ƙarshe, kuma a karon farko na gane ashe malamin nan ya iya koyarwa. Umra ta gaba Kawu ya ce shi zai ja, Umma ta ce sai dai in da injinsa a but, kuma da sharaɗin a kwana a hanya.

Wanda ya yi hamma yana karanta wannan, na yafe masa. Wanda ya yi fiye da uku kuma, ya duba agogo, ya ajiye waya, ya je ya kwanta. Allah Ya ba mu lafiya da barci mai albarka, Ya tsare mu a hanyoyinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Mai Duka Ya kai mu.

Naku a kullum,
Ɗan Suwaidi